Darasi na 7: Hoton mai moto da dare da fitilar filashi

Ƴan kabu-kabu da yawa a Maradi ba sa samun sukunin tsayawa hoto da motonsu sai bayan isha'i. A lokacin duhu ya riga ya rufe, dole a yi amfani da filashi, wato ƙaramar fitilar nan mai walƙiya idan an danna. Yawanci batir huɗu take ci, masu lamba AA. Ku sa sababbi.

Abu na farko: ku cire filashi daga kan kyamara, ku haɗa ta da ƴar na'urar da ke kunna ta daga nesa. Wani ya riƙe ta a gefe, mita biyu daga moto, sama da kan mai moton kaɗan. Tanki da madubi da salansa suna sheƙi. In haske ya fito daga inda kuke tsaye, kai tsaye zai dawo cikin kyamara, sai farin tabo ya cinye tankin, lambar moto ta yi fari fat ba a iya karanta ta.

Mu sake, kada ku ji kunya, kowa nan yake tuntuɓe. Fitila a gefe. Ku tsaya gaban moto, ku miƙa hannun dama, mai riƙe fitila ya tsaya tsakanin hannunku da moton. Ku ɗauka, ku duba tanki. Akwai tabo? Ya ƙara matsawa gefe taki ɗaya. Haba ƴan'uwa, sau nawa za a faɗa? Wasu da sun ga duhu sai su mayar da fitilar kan kyamara don sauƙi, su ɓata wa mutum hoto da kuɗinsa. A gefe!

Ku juya kyamara zuwa harafin M, wato inda ku ke saita komai da kanku. Saurin ƙiftawa, wato lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, 1/200 na daƙiƙa, kada ku wuce shi, in ba haka ba baƙin zane zai yanke hoton. Buɗin ido, wato girman ƙofar da haske ke shiga, f/5.6; ISO, wato yadda kyamara ke jin haske, 400; ƙarfin filashi 1/8. In fuska ta yi duhu, a matso da fitila. In an ninka nisa, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne ya rage.

Kyamara na shan wahalar saita ido a duhu, wato ta sa hoto ya fito tangaran. Ku haska fuskar mai moton da tocila, ku danna maɓallin ɗaukar hoto rabi har ta saita, a kashe tocila, ku ƙarasa dannawa.

Lokacin hunturu ku goge moto da gilashin kyamara. A kashe fitilar gaban moto.