Yadda ake shirya gwanjon kayan 'yan wasa don taimakon jama'a a Damagaram

A watan Disambar 2023 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da riguna shida da Lionel Messi ya sa a gasar cin kofin duniya ta Ƙatar a kan dalar Amurka miliyan 7.8, kuma aka ware wani kaso na kuɗin domin wani asibitin yara a Barsalona. Babu mai kawo irin wannan kuɗi filin kokawa na Langa-Langa da ke Damagaram, kuma ba shi ake nema ba. Abin da ƙungiyar matasan unguwa ko kwamitin iyayen yara ke nema bai wuce kuɗin gyaran famfon da ya tsaya ba, ko teburan aji, ko maganin zazzaɓin cizon sauro kafin damina ta kankama. Gwanjo yana iya kawo wannan, muddin masu shirya shi sun san abin da suke sayarwa.

A Turai sa hannun ɗan wasa kaɗai kadara ne, ana saye a ɓoye a akwati, bayan shekaru a sayar da riba. A nan ba haka ba ne. Badamagare ba zai fitar da jika 50, wato sefa 50,000, don an ja layin tawada a kan ƙyalle ba. Abin da yake biya shi ne ya miƙe a gaban jama'a, gwanin da yake so ya ambaci sunansa, ya ba shi rigar hannu da hannu, a ɗauki hoto, kuma ya san inda kuɗinsa suka tafi. Duk shirin a kan wannan ake gina shi.

Mataki na farko: buƙata guda, da farashinta

Kada a ce "taimakon marayu" ko "taimakon marasa lafiya" a tsaya nan. Mutane sun sha jin irin wannan, sun bayar, ba su ga komai ba. A zaɓi abu ɗaya da ido zai gani. Idan famfo ne, a kai mai gyara ya duba, ya rubuta abin da za a saya da kuɗin aikinsa, ya sa hannu. A garin da kowa ya san wahalar ruwa, inda 'yan garuwa ke bin layi tun asuba a lokacin bazara, ba sai an yi dogon bayani ba. Wannan takarda ita ce za a nuna wa duk wanda aka je wurinsa.

Mataki na biyu: kwamiti da izini

Mutum biyar sun isa. Mai riƙe kuɗi kada ya zama shi ne mai rubuta su, kuma kada su kasance 'yan gida ɗaya. A sa dattijo guda da unguwa ke jin kunyarsa, a sa mace aƙalla ɗaya, domin mata ne suka fi sanin gidan da ake kwana ba a ɗora tukunya ba. Daga nan a gaida mai unguwa, a kai takarda ofishin magajin gari, a sanar da jami'an tsaro ranar taro. Idan za a gayyaci wakilin fadar Sarkin Damagaram, ta hannun mai unguwa ake bi, ba a aika yaro da takarda ƙofar fada.

Mataki na uku: samun ɗan wasan

A nan ne akasari shiri ke lalacewa, don matasa sukan ɗauka lambar waya ta isa. Ɗan kokawa yana da mai horar da shi, yana da ubangida, akwai kuma shugabannin kokawa na jiha. Ɗan ƙwallo yana da kulob. Wanda ya tsallake waɗannan ya kira shi kai tsaye zai ji "to, in sha Allahu", ranar taro kuma ya tarar da waya a kashe. A je da dattijon kwamiti, a kai goro, a gaisa a natse, sannan a fito da takardar mai gyaran famfo. Kalamai irin su "Ranka ya daɗe, ba kuɗinka muka zo nema ba, sunanka muke roƙo ka ara mana na yini ɗaya" sun fi buɗe ƙofa a kan dogon jawabi.

Wa za a nema? A Nijar babu wasan da ya kai kokawa jan jama'a. Tun da aka fara gasar takobi, wato gasar kokawa ta ƙasa da ake ba zakaranta takobi, a Tawa a 1975, jihohi ke karɓar baƙuncinta bi da bi, kuma a yau jihohi takwas ne ke kawo 'yan kokawa goma-goma. Sunan Issaka Issaka na Doso, wanda ya ɗauki takobi sau da dama, ko yaron da bai taɓa shiga fili ba ya san shi. Akwai tsofaffin 'yan Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, da suka je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013, kuma rigar wancan lokaci tana da tarihi a jikinta. Akwai Abdoul Razak Issoufou Alfaga, wanda ya ciyo azurfa a wasan taikwando a gasar Olamfik ta Riyo a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Amma a ganina kuskure ne a rataya dukan shiri a wuyan babban suna daga nesa. Kuɗin mota da masauki da abincin tawagarsa suna iya cinye rabin abin da za a tara. 'Yan kokawar jiha da 'yan ƙwallon gari irin na kulob ɗin Espoir suna kusa, suna da masoya na gaske, kuma gobe za a haɗu da su a kasuwar Dole, don haka ba za su so a ce sun saɓa alkawari ba. In an samu babban baƙo, ƙari ne.

A yi magana a fili tun ranar farko: kyauta ya ba da kayan ko yana jiran kaso? Wa zai biya kuɗin mota? Minti nawa zai zauna? A rubuta. Jin nauyin tambaya yau shi ke haifar da ɓacin rai gobe.

Mataki na huɗu: kayan da sa hannun

Abin da ɗan wasa ya yi amfani da shi ya fi sabo daraja nesa ba kusa ba. Rigar da aka buga wasa da ita, ƙwallon wasan ƙarshe, takalmi, babban hoton ranar da ya yi kaye. Abu guda da ba a tambayar ɗan kokawa shi ne guru da layun da ke jikinsa. Ko da wasa kada a ambata.

A sayi alƙalami mai tawadar da ba ta gogewa, baƙi don farin ƙyalle, mai ruwan azurfa ko fari don baƙin ƙyalle. Bik ba ya kama riga, a kan hoto mai sheƙi kuma gogewa yake yi. A sa kwali a cikin rigar, a ja ta ta miƙe, ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata, a bar ta ta bushe kafin a naɗe. Wanda ya fi sakewa da ajami ya rubuta sunansa da ajami. Ga 'yan kokawa akwai dabarar da na fi so: a shafa wa tafin hannunsa tawada ya danna a kan farin ƙyalle. Hannun da ya kā da maza ke nan, kowa ya gani ya san ba na wani ba ne. Damagaram gari ne na dukawa, a ba su su yi wa hoton ko ƙyallen gida na fata mai ado, farashin zai tashi, su ma sun samu aiki.

Sai shaida. Jabun sa hannu tsohuwar sana'a ce, har hukumar FBI ta Amurka ta taɓa gudanar da babban bincike a ƙarshen shekarun 1990 kan gungun masu ƙirƙirar sa hannun fitattun 'yan wasa. Maganinsa a nan mai sauƙi ne: a ɗauki bidiyo da waya lokacin da yake sa hannu, ya faɗi sunansa da abin da ya bayar da dalilin bayarwar. A ba kowane kaya lamba, a rubuta a littafi. Wannan bidiyon kuma shi ne tallar da za a yaɗa a WhatsApp da Facebook.

Kaya goma zuwa goma sha biyar sun isa. In suka yi yawa, jama'a za su gaji kafin a zo kan na ƙwarai.

Mataki na biyar: rana da wuri

Bayan kaka ya fi, lokacin da hatsi ya shigo kuma zancen kokawa ke bakin kowa. A guji tsakiyar bazara da kwanakin da ake haɗa kuɗin ragon layya. A fara bayan la'asar a tashi kafin magariba. Ranar Alhamis, ranar babbar kasuwa, 'yan kasuwa suna kasuwa, ba za su zo ba, su ne kuwa masu tayin. A yi sanarwa a rediyo mako guda kafin ranar, manyan 'yan kasuwa kuma a je musu da ƙafa.

Mataki na shida: gwanjon kansa

A nemi sanƙira ko maroƙin da ya san kirarin 'yan kokawa, a biya shi ladansa tun kafin a fara, don kada kuɗin liƙi su cakuɗe da na gwanjo. Kafin a ɗaga kaya na farko ya karanta ƙa'idoji da ƙarfi: mafi ƙarancin ƙari jika ɗaya, wanda aka sallama wa zai biya nan take ko ya ba da rabi ya cika cikin kwana biyu, kaya ba ya fita sai kuɗi sun cika.

A tsayar da lissafi ɗaya. Mu da dala muke ƙirga, dala 200 ita ce jika guda, wato sefa 1,000, amma ɗan boko da baƙon da ya zo daga Yamai suna iya faɗin adadi da sefa. Wani ya ce "ɗari biyar" yana nufin dala, wani ya ji sefa, rigima ta tashi. A yi komai da jika, a sa yaro yana rubuta kowane tayi a allo inda kowa ke gani.

A fara da ƙaramin kaya don baki ya buɗe, a ajiye mafi daraja sai kusa da ƙarshe, amma ba na ƙarshen ba, domin manya sukan tashi da wuri. Sanƙira ya bi tayi kamar haka: "Jika 20 daga Alhaji na gefen dama. Albarka! Wa zai ƙara? Jika 25 daga Hajiya. Sau ɗaya, sau biyu…" Ya ɗan ja numfashi kafin na uku, a nan ne ƙarin ƙarshe ke fitowa. 'Yan Damagaram mazauna Kano ko Agadas ko Libiya suna iya tayi ta waya, a ba mutum ɗaya wannan aikin, su turo kuɗin ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana.

Akwai jarabar da ya kamata a ambata. Wani zai ba da shawarar a dasa mutum biyu cikin taro suna ƙara farashi alhali ba saye za su yi ba, wai ai don marayu ne. Wannan shi ne najashi, kuma ya tabbata a hadisin Ibn Umar cewa Annabi (SAW) ya hana shi. Gwanjo halal ne, tayin ƙarya haram ne, kyawun niyya ba ya wanke shi. Banda haka, gari ne da kowa ya san kowa, kwana biyu maganar za ta fito.

Mataki na bakwai: ɗan wasa da masoyansa

Yawancin waɗanda za su cika wurin ba su da ko dala ɗari ta tayi. Yara ne da 'yan kabu-kabu da almajirai da suka zo ganin gwaninsu. Idan aka zaunar da shi a rumfar manya, ya gaisa da masu kuɗi kaɗai, ya shige mota gilashi a rufe, an tara kuɗi amma an yi asarar jama'a, kuma badi ba za su zo ba. Mutane ba sa mantuwa da wanda ya miƙa musu hannu yana kallon wani wuri.

Saboda haka a ware rabin awa na gaisuwa kyauta, a sa shi cikin yarjejeniya tun farko. A ja igiya, a yi layi biyu, na yara da mata daban, yara su fara. A sa matasa huɗu masu haƙuri su tsare layin, ba masu bulala ba. Mai ɗaukar hoto ɗaya ya ɗauka da waya ɗaya, daga baya a tura wa kowa, in ba haka ba kowane mutum zai ci minti uku yana neman inda kyamararsa take. Ɗan wasan ya tambayi yaro sunansa, ya maimaita shi. Abin bai fi daƙiƙa biyar ba, yaron kuwa zai yi shekara yana ba da labari.

Shi ma ɗan wasan yana da haƙƙi. Kada a bari a ja masa riga, ko a kewaye shi da roƙon kuɗin magani da na haya, ko a tsare shi har lokacin salla ya wuce. A ajiye masa ruwa da kujera a inuwa. In lokacin da aka yi alkawari ya cika, sanƙira ne zai sanar, ba shi ba, don kada a ce ya yi girman kai. Wanda aka mutunta a bana shi ne zai jawo abokinsa badi.

Mataki na takwas: lissafi

A ƙirga kuɗin a wurin, gaban dattijon kwamiti da shaidu biyu daga cikin masu saye, a faɗi jimilla a lasifika kafin a watse. Kowane mai saye ya karɓi takardar biya mai ɗauke da lambar kayansa. A cire abin da aka kashe na rumfa da kujeru da sanƙira a bayyane, kada a dunƙule shi a ce "hidima".

Kuɗin kada su kwana fiye da mako a hannun mutum. A biya mai gyara rabi, sauran sai aiki ya kammala. Ranar da ruwa ya zubo a ɗauki bidiyo, a fara tura wa ɗan wasan da ubangidansa, sannan masu saye ɗaya bayan ɗaya, sannan a liƙa takardar lissafin a ƙofar mai unguwa. Idan an samu rara, kwamiti ya koma wurin waɗanda suka saya ya tambaye su inda za a sa ta, kada ya yanke shi kaɗai.