Yadda za ka gane ko da gaske gwamnati take kan Ajaokuta

Duk gwamnatin da ta hau sai ka ji an ce za a farfaɗo da kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da ke Kogi, tun 1979 da aka ba kamfanin TPE na Tarayyar Sobiyet kwangila ake wannan waƙar, Shagari ya aza harsashi a 1980, zuwa 1994 aka ce aiki ya kai kashi 98, amma har yau ba a taɓa kunna babbar tukunyar narkar da tama ba. To kafin ka yi tafi ga abin da za ka duba.

Fara da kasafin kuɗi, ka bar jawabin minista. Ka nemo layin Ajaokuta ka ga nawa ne na albashi nawa ne na aiki, in albashi ya cinye kusan duka to gadin wurin kawai ake yi.

Sannan ka tambaya, me aka sa wa hannu? Takardar fahimtar juna irin wadda aka yi da Rashawa a 2024 ba kwangila ba ce, niyya ce kawai. In ma kwangila ce ka duba me ta ce idan mulki ya canza hannu, don nan ne ake cin mu wallahi. Zamanin Obasanjo aka miƙa wurin ga Global Infrastructure na Indiyawa, 'Yar'adua ya zo ya soke a 2008, aka yi ta shari'a har 2022 da gwamnatin Buhari ta amince a biya su dala miliyan 496, kuɗin da ko rodi ɗaya bai fitar ba.

Kar ka manta da Itakpe, daga can tama ke zuwa, in ba a haƙa ba me za a narka? Jirgin ƙasan Itakpe zuwa Warri an buɗe shi a 2020, wannan kam an yi. Saura gawayin kwal da tukunyar ke ci, ka tambaya daga ina kuma wa zai biya, don irin tukunyar nan in an kunna ta ba a kashewa, dare da rana ne shekara da shekaru.

Ma'aikatar ƙarfe da Tinubu ya ware a 2023 ma haka za ka auna ta, nawa aka sakar mata a hannu ba nawa aka rubuta ba.