Yadda ake gane jar giyar Bordo da za ta jure ajiya

Ina aiki a ɗakin ajiyar giya na wani gidan cin abinci a Bordo, kudu maso yammacin Faransa, kuma sababbin ma'aikata kan yi mamakin yadda kwalbar Pauillac mai tsada take ɗaure baki. Ba lalacewa ta yi ba, lokacinta ne bai yi ba.

A Pauillac, wani yankin noman inabi a arewa da birnin Bordo, inabin Cabernet Sauvignon ne ya fi yawa, ana haɗa shi da Merlot, a ƙasa mai tsakuwa kusa da ruwan Gironde. A nan gidajen yin giya na Lafite da Latour suke, waɗanda aka sa a sahun farko a jerin darajar giyar Bordo na 1855, da Mouton Rothschild da ta shiga sahun a 1973. Giyar kan yi kusan wata 18 a gangar itacen oak mai lita 225 kafin a zuba ta a kwalba.

Fara da ido. Zuba kaɗan, ka karkata kofin a kan farin ƙyalle. Sabuwa baƙi-baƙi ce, gefenta shuɗi-shuɗi. Wadda ta kwana biyu gefenta ya koma ja-ja kamar jan bulo. Sai ka juya kofin ka shinshina. Sabuwa tana ƙamshin 'ya'yan itace baƙaƙe da katakon fensir, tsohuwa kuwa ganyen taba da fata da danshin ƙasa. In ka ji warin jiƙaƙƙen kwali, matoshin ne ya ɓata ta, ajiya ba za ta gyara ta ba.

Baki ne ke yanke hukunci, nan nake so ka natsu. Kurɓi kaɗan, ka zagaya da ita dasashi da harshe, ka tofar. Masu sana'ar tofarwa suke yi. Bushewar da ka ji, irin baurin goro, daga ɓawon inabi da ƙwayarsa da gangar take zuwa. Baurin nan da tsami su ke riƙe giya shekaru. Amma su kaɗai ba su isa ba, dole ɗanɗanon 'ya'yan itacen ya cika baki a bayansu. In bauri ya yi kaushi, bayansa fayau, ko an yi shekara 20 ana jira busasshiya za a tarar. Bayan ka tofar, ƙirga daƙiƙun da ɗanɗanon ya zauna. Mai kyau tana daɗewa, ni wannan na fi yarda da shi fiye da sunan da ke jikin kwalba.

Dubi shekarar girbi kuma. Na 2010 da 2016 masu dogon zango ne, manyan gidaje za su kai shekara 30 ko fiye. Na 2013, da ruwan sama ya dame su, gara a buɗe su da wuri.

Ajiya: kwalba a kwance don kada matoshi ya bushe, cikin duhu, zafi tsakanin digiri 12 da 14, ba hawa da sauka. Masu aikin otal a Yamai ko Abuja su kula, zafin bazara na dafa giya in ba ɗaki mai sanyi. Ranar buɗe tsohuwa, tsayar da ita tun jiya abin da ke ciki ya kwanta, ka tsiyaye ta a hankali cikin wani mazubi, ka kai tebur tana digiri 16 zuwa 18.