Kurakuran da muke yi game da ruwa da sauyin yanayi a fadamun Kebbi

Duk wanda ya taɓa noman shinkafa a fadamar Argungu ko ta Suru ya san ruwa ba ya yi wa kowa alkawari. Amma tun da maganar sauyin yanayi ta shiga bakin jama'a, akwai kurakuran da nake gani suna jawo mana asara, kuma abin yana damuna.

Babba a cikinsu shi ne ɗaukar sauyin yanayi a matsayin fari kawai. Dattawanmu sun sha wuyar farin 1973 da na 1984, shi ya sa da an ce yanayi ya canza sai hankali ya koma can. Abin da masana suka tabbatar shi ne zafi yana ƙaruwa. Batun yawan ruwan sama a yankin Sahel kuwa, bakinsu bai zo ɗaya ba: wani lissafin ya nuna damina za ta ƙara ruwa, wani ya nuna za ta rage. Abin da ido ke gani shi ne ruwa ya dawo bayan shekarun fari, amma da sabon hali. Sai ya zubo kamar da bakin ƙwarya a dare ɗaya, sannan ya ɗauke mako biyu ko uku. A 2020 ba ƙishirwa ce ta kashe shinkafar Kebbi ba, nutsewa ta yi. Saboda haka kada manomi ya zuba duk jarinsa a ƙasan fadama. A yi gero da dawa a tudu, a sa irin shinkafa mai saurin nuna kamar FARO 44 a gefen fadama, a kuma ajiye iri da kuɗin man inji domin noman rani idan ruwa ya janye.

Sai yadda muke karɓar hasashen da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa kafin kowace damina. Wani ya ɗauke shi kamar yankan wuƙa, idan ya saɓa sau ɗaya ya ce ƙarya suke yi, ya daina saurara. Hasashe yana faɗin inda alamu suka fi rinjaya ne, kuma na faɗin yanki ne, ba na gonar mutum ɗaya ba. A riƙe na farkon shekara don tsara aiki, amma na kwana uku ko na mako da ake ji a rediyo shi ya fi amfani ranar shuka da ranar zuba taki.

Akwai kuma masu kallon samaniyar garinsu kaɗai. Ruwan da ke cinye mu sau da yawa ba a kanmu ya sauka ba. Gulbin Rima yana biyowa ta madatsar Goronyo, gulbin Sakkwato ta Bakolori a Zamfara, kuma ambaliyar 2010 daga Goronyo ta taho. A Yauri ma, ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini sai cikin hunturu yake isowa, lokacin da ba ko ɗigon hadari. Lambar wayar ɗan'uwa da ke bakin gulbi ta inda ruwa ke gangaro maka, tare da gargaɗin NIHSA, hukumar da ke hasashen ambaliya, sun fi kallon gajimare.

Na ƙarshe ya shafi masunta. Idan giwan ruwa ya yi wuyar samu a gulbin Matan Fada na Argungu, ko tafki ya ƙafe tun kafin lokacinsa, sai a ce sauyin yanayi ne, a naɗe hannu. Yana da nasa kason, amma yashi da ya cike gulbi, da sare itatuwan gaɓa, da raga mai ƙananan ido da ke kwashe 'ya'yan kifi, duk aikin hannunmu ne, kuma Sarkin Ruwa da mai gari suna iya tsawatarwa.

Abin da zan roƙi kowane ƙauye na bakin gulbi shi ne a kafa ƙarfe a gaɓa, a yi masa zane da fenti taku-taku, a sa ɗalibi ɗaya ya riƙa rubuta inda ruwa ya kai duk ranar Juma'a.