Shawara ga masu bin hanyar Katsina zuwa Jibiya

Jama'a barkanmu da war haka. Na ga ana yawan tambaya kan wannan hanya, shi ne na ce bari in sa baki.

Daga Katsina zuwa Jibiya bai kai kilomita 50 ba, ta Daddara ake bi. A Magama ake tsallakawa Nijar, sai Ɗan Issa, sai Maraɗi. Amma kada gajartar ta ruɗe ku: shingayen bincike sun yi yawa, tafiyar da ba ta kai awa guda ba sai ta ninka. Ku yi sammako, ku dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Tafiyar dare kam, don Allah a haƙura, kowa ya san halin tsaron yankin. Katin ɗan ƙasa ya kasance a aljihu, kuma ku tambayi direbobi a tasha yadda boda take kafin ku kama hanya. An rufe ta a 2019, an sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar.

Abin da ke taɓa ni shi ne hanyar ta girmi bodar kanta. Bayan jihadi, sarakunan Katsina na Haɓe arewa suka yi, suka zauna a Maraɗi, har yau ana kiran sarkin can Sarkin Katsina. Gida ɗaya ne Turawa suka ratsa da iyaka.

Mai zuwa cin kasuwar Jibiya ranar Lahadi ya fita tun bayan asuba, motoci na cika da wuri.