Darasi na Tara: Kiyaye Kai daga Ƙumba Mai Zane a Tafki

Ƙumba mai zane wata ƙaramar halittar ruwa ce mai ɓawo biyu, wadda yawanci ba ta wuce girman farcen babban yatsa ba, kuma zanen bayanta, mai kama da na jakin dawa, shi ya jawo mata wannan suna. Asalinta daga yankin Tekun Kasbiya da Baƙin Teku ne. A shekarar 1988 aka gano ta a Tafkin Sen Kile, tsakanin Amurka da Kanada, bayan ta biyo ruwan da manyan jirage ke ɗurawa a cikinsu domin daidaita nauyi. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai har miliyan ɗaya a shekara, shi ya sa kafin a ankara ta mamaye Manyan Tafkunan yankin, har ta toshe bututun ruwan sha na garin Monro a jihar Mishigan ta Amurka a 1989.

Haɗarinta na farko ga mai shiga ruwa shi ne yanka. Tana manne wa duwatsu da matakalar gaɓa da igiyar anga ta hanyar wasu zaruruwa masu ƙarfi na jikinta, ɗaya a kan ɗaya, bakin ɓawonta kuwa kamar reza yake, ta yadda yaro zai taka dutse cikin ruwan sanyi bai ji komai ba, sai ya fito a ga jini yana bin diddigensa. Saboda haka kada kowa ya shiga da ƙafa ba takalmi. A sa na roba mai rufe yatsu, domin silifa takan zame ta bar ƙafa a fili. Mai jan anga ko taru ya sa safar hannu mai kauri. Idan aka yanke, a fito nan take, a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai tsabta, a cire ɓarɓashin ɓawon, a danne da tsumma mai tsabta har jinin ya tsaya. In yankan ya yi zurfi, ko wurin ya kumbura ya yi ja, a tafi asibiti, a kuma tambayi maganar allurar tetanus.

Ba a cin ta, ko da an dafa, domin kowace ɗaya tana tace kusan lita ɗaya ta ruwa a rana, kuma gubar da ke cikin ruwan a jikinta take taruwa.

Abin da masu kwalekwale suka fi sakaci da shi, a ganina, shi ne 'ya'yanta, waɗanda ido ba ya gani, kuma ragowar ruwan bokiti ya ishe su ƙaura zuwa wani tafki. Kafin a bar gaɓa, a kankare jikin kwalekwale, a tsiyaye duk ruwan ciki, sannan a shanya shi aƙalla kwana 5, ko a wanke da ruwan zafi mai maki 60 a ma'aunin Salsiyas. A jihar Minisota ta Amurka doka ce ma ta hana ɗaukar kwalekwale a kan titi ba tare da an cire matoshin ruwansa ba.