Babi na 7: Ƙaramin Injin Sassaƙar Katako, a Gyara Shi ko a Sake Wani?

Injin da muke nufi a nan shi ne ɗan ƙaramin nan da ake ɗorawa a kan tebur, yana juya katako, mai aiki kuma yana sassaƙa da cizal. Da shi ake fitar da ƙotar cizal, da marufin kwalba, da ƙafar ƙaramar kujera, da ɗan akushi. Bayan shekara biyu ko uku ana aiki, yawancin masu shi sukan fara ƙorafi: yana rawa, yana kuka, ba shi da ƙarfi. Sai wani ya ce, ai laifin kamfanin ne, ka sayar ka sayi na wani.

Kafin ka bi wannan shawara, ka san abu ɗaya. Ƙananan injinan nan da yawa a China da Taiwan ake ƙera su, kuma za ka tarar da biyu masu suna daban, fenti daban, amma gado ɗaya, moto ɗaya, boris ɗaya. Wanda ya sayar da nasa ya sayi irin wannan, fenti kawai ya canja. Tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce: injin ne ya lalace, ko aikina ne ya fi ƙarfinsa? Idan lalacewa ce, gyara ya fi sauƙi. Idan aiki ne ya girma, babu makanikin da zai ƙara masa girma.

Sunayen sassa, don mu fahimci juna

Kan inji shi ne ɓangaren hagu, inda sandar juyi take zaune cikin boris guda biyu. Moto shi ne dunƙulen lantarkin da ke jan bel, bel kuma ya ja fuli. Gado shi ne dogon ƙarfen da komai ke zaune a kai. Wutsiya ita ce ɓangaren dama da ake turawa gaba da baya don ta tokare katako da tsininta. Majingini shi ne ƙarfen da ake ɗora cizal a kansa. Cok kuwa shi ne kan nan mai muƙamuƙi huɗu da ake murzawa a bakin sanda ya damƙe katako.

Binciken da za ka yi a rana ɗaya

Cire wuta tukuna. Sassauta bel, ka kama bakin sandar juyi ka girgiza ta sama da ƙasa. Bai kamata ka ji motsi ko kaɗan ba. Sannan ka juya ta da hannu a hankali, kunnenka kusa. In ka ji kamar yashi a ciki, ko wani ƙas-ƙas, boris ya ci. Wata alamar ita ce kan inji ya yi zafin da ba za ka iya barin tafin hannu a kai ba bayan minti 15 yana gudu babu katako. Lambar boris tana rubuce a gefensa, misali 6204 ko 6205. Mai lamba 6204 raminsa milimita 20 ne, mai 6205 kuma 25. Ba kayan kamfani ɗaya ba ne, ana samunsu wajen masu sayar da boris na babur da injin ban ruwa. Ka ɗauki tsohon ka tafi da shi, ka nemi mai rufin roba a gefe biyu, domin ƙurar katako ita ce ajalin boris. Wajen sawa, kada a doki zoben boris ɗin da guduma kai tsaye. A sa guntun bututu daidai da zoben da ake turawa, a bi a hankali.

Na biyu, saka tsini a kan inji, saka wani a wutsiya, ka turo wutsiya har tsinin biyu su kusa taɓa juna, sannan ka ɗaure ta. Baki da baki ya kamata su haɗu. In sun saɓa, kada ka yi saurin yanke hukunci. Zare tsinin, ka naɗa tsumma a yatsa ka goge ramin da yake shiga, ka ɗaga wutsiya ka share ƙarƙashinta. Ɗan ɓarɓashin katako guda ɗaya ya isa ya karkatar da tsini. Haka kuma, in an ɗaure inji a kan teburin da ba shi da daidaito, gadon yakan ɗan murɗe; sassauta notin ƙafafu ka sake dubawa. In bayan duk wannan tsinin wutsiya yana ƙasa da na kai da rabin milimita, ana iya cike wajen da siririn gwangwani. Saɓanin da ya kai milimita biyu, ko tsaga a jikin gado, wannan kam ya wuce dabara. Ƙarfen zubi ba ya son walda, ko an yi ma da wuya ya koma daidai.

Na uku, ƙarfi. In cizal ya ci katako sai katakon ya tsaya alhali moto yana ci gaba da gudu, bel ne ke sulɓewa. Ɗaure shi, ko ka sake sabo in ya yi sheƙi ko ya tsattsage. In moton ne kansa ke gurnani ba ya tashi sai an tura shi da hannu, yawanci kafasita ce ta mutu, wato 'yar na'urar da ke taimaka wa moto ya tashi, kuma ba ta da tsada; ka sayi mai lambobi daidai da na tsohuwar. Injin da ake ƙara wa gudu da ɗan maɓallin murzawa galibi motonsa yana da burushin gawayi guda biyu. In sun cinye, inji yakan riƙa ɗaukewa yana dawowa, ko ka ga tartsatsi.

Sai rawa, wadda ita ta fi sa mutane sayar da inji mai lafiya. Ƙaramin inji nauyinsa bai cika wuce kilo 30 zuwa 55 ba. Ka ɗora masa ɗanyen gungumen maɗaci wanda gefe ɗaya ya fi nauyi, dole ya yi tsalle, ko wane kamfani ne ya ƙera shi. Gwada shi babu katako. In ya yi shiru, laifin ba nasa ba ne. Ɗaure shi da noti a tebur mai kauri, ka aza buhun yashi ɗaya ko biyu a katakon ƙasan teburin, ka rage kusurwoyin gungume da zarto ko gizago kafin ka ɗora. Kuma ka wasa cizal. Dakusasshen cizal yakan sa mai aiki ya danna da ƙarfi, sai inji ya yi kamar ba shi da ƙarfi. Itace mai tauri irin ƙirya ko marke yana iya dakushe baki cikin 'yan mintuna.

Inda gyara ba ya kaiwa

Abu uku ne ba a gyarawa: faɗi, tsawo, da mafi ƙanƙantar gudu.

Auna daga tsinin kan inji zuwa gado, ka ninka biyu. Wannan shi ne faɗin da injin zai iya juyawa. Ƙananan injina inci 8 ko 10 suke ɗauka, na tsakiya inci 12. Ka lura, lambar nan ta fanko ce. Injin inci 10 ba zai fitar da akushi mai inci 10 ba, saboda gungumen ya fi abin da za a fitar girma, kuma in gindin majingini ya shiga ƙarƙashin katako sai ya cinye kusan inci biyu ko fiye. Mai son yin akushin tuwo na gida guda ya bar wahalar da kansa da ƙaramin inji.

Tsawo kuwa daga tsini zuwa tsini ake aunawa, galibi inci 14 zuwa 18. Ƙafar tebur tana kai inci 28 zuwa 30. A nan akwai mafita kafin saye: kamfanoni da yawa suna yin ƙarin gado da ake ɗaurawa da noti a ƙarshe, ya kai tsawon kusan mita ɗaya. In ana samun na injinka, ya fi sabon inji araha nesa ba kusa ba.

Gudu yana da lissafi, kuma ya kamata kowa ya riƙe shi. Raba 6,000 da faɗin katako a inci, sannan ka raba 9,000 da shi. Gudun da ya dace yana tsakanin amsoshin biyu. Katako mai inci 10: daga juyi 600 zuwa 900 a minti. Mai inci 3: daga 2,000 zuwa 3,000. Wannan lissafin na katakon da ya riga ya zama zagaye ne, babu tsaga. Gungumen da ba a fara sassaƙa ba sai a fara ƙasa da haka sosai. To, duba allon gudun da ke jikin injinka. In mafi ƙanƙanta 750 ne ko 800, kuma kai manyan kwanuka kake so, injin bai dace da kai ba, kuma hatsari ne: gungume yana iya fincikewa ya doki fuska. Wannan dalili ne na gaskiya na canja inji. Misali, injin kamfanin Jet mai lamba 1221VS yana ɗaukar faɗin inci 12, motonsa ƙarfin doki ɗaya ne, kuma yana sauka har juyi 60 a minti. Daga injin inci 10 mai rabin doki zuwa irin wannan, an hau mataki. Daga inci 10 zuwa wani inci 10 mai sabon suna, tafiyar kura ce kawai.

Kuɗin da ba a gani a farashi

Masu canja kamfani nan suka fi cizon yatsa. Cok, da farantin ɗaure katako, da tsinaye, ba kowane inji suke shiga ba, kuma wani lokaci kuɗinsu in an haɗa ya kusa na injin.

Duba haƙoran bakin sandar juyi. Uku ne aka fi gani. Akwai mai kaurin inci ɗaya da haƙora 8 a kowane inci, wanda ya fi yawa a ƙananan injinan kasuwar Amurka irin su Jet da Rikon. Akwai M33, mai kaurin milimita 33 da tazarar milimita 3.5 tsakanin haƙora, wanda ya zama ruwan dare a Turai. Sai mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci da haƙora 16, wanda ake gani a tsofaffin injinan Record Power na Ingila. Ɗora rula a kan haƙoran ka ƙirga, kada ka yi kirdado. In cok ɗinka irin mai ɗan zobe ne a baya wanda ake kwancewa, kamar yawancin na kamfanin Nova, zoben kawai za ka sake. In haƙoran a jikinsa aka yanka su, sai adafta, wato guntun ƙarfen da ke shiga tsakanin sanda da cok ya haɗa su. Adafta tana aiki, amma tana ƙara nisa tsakanin katako da boris, kuma ko yaya take da karkata, a bakin akushi za ta nuna ninki.

Ramin da tsini ke shiga shi ma iri biyu ne: MT1, bakinsa kusan milimita 12, da MT2, kusan milimita 18. Mu dai shawararmu, in za ka sake inji ka nemi MT2 kai da wutsiya, don kayansa sun fi samuwa. Sandar majingini kuma takan zo da kaurin milimita 16 ko 25, ita ma ka auna.

Sai wuta. Injin da aka yi don Amurka bolt 110 zuwa 120 yake ci. A Nijeriya, da Nijar, da Ghana, wutar gida bolt 220 zuwa 240 ce. Ka jona shi kai tsaye, ya ƙone nan take. Sai da taransifoma mai ƙarfin da ya ninka na moton aƙalla sau biyu. Ko da ita ma, wutar Amurka bugu 60 take yi a daƙiƙa, tamu 50, don haka moton da aka rubuta juyi 1,725 a minti a jikinsa zai yi kusan 1,440, kuma yakan fi ɗaukar zafi. Na Ingila da sauran Turai ba su da wannan matsala. Karanta ɗan allon da ke manne a jikin moto kafin a yi ciniki, ba bayan an kai gida ba.

Injin maɓallin murzawa yana da daɗin aiki, babu musu. Amma gudun nasa wani allon lantarki ne ke sarrafa shi, kuma allon nan ba ya jure wutar da ke hawa da sauka. In ya ƙone, mai gyaran moto na unguwa ba lallai ya iya masa ba, sai an yi odar wani. Mai canja gudu da bel da fuli kuwa, duk mai naɗin koyil zai tayar da shi. Wanda ke aiki da janareta ya auna wannan da kyau. Ya kuma tuna cewa moto yana jan wuta ninki uku ko fiye a lokacin tashi, don haka ɗan ƙaramin janareta mai wat 650 zuwa 900 ba zai tayar da moto mai doki ɗaya ba.

Yanzu ɗauki takarda ka ja layi a tsakiya. A gefe ɗaya rubuta kuɗin boris, bel, kafasita, ladan mai gyara, da ƙarin gado in kana buƙata. A ɗaya gefen rubuta kuɗin sabon inji, da dako, da cok ko adafta, da tsinaye, da taransifoma ko sitabilaiza, ka cire abin da za ka samu in ka sayar da tsohon. A ganinmu, in gyara bai kai kashi ɗaya cikin uku na wancan ba, kuma faɗi da tsawo sun ishe ka, gyara.

In sayen ya tabbata

Je da cok ɗinka, da tsininka, da guntun katako. Murza cok a bakin sanda da hannu. Ya shiga sumul har ya zauna, ba tare da tilas ba. Yi gwajin tsini da tsini. Ɗaure wutsiya, ka murza hannunta ta matsa katako, ka sa ido ko tana zamewa baya. Ɗaure majingini ka buga shi da tafin hannu. Bar injin ya yi gudu minti goma a kowane fuli, ka taɓa kai da moto. Tambayi mai sayarwa lambar bel da inda ake samunsa. In ya fara kame-kame, ka san ranar da bel ya tsinke aiki ya tsaya. Na hannu mai nauyin ƙarfen zubi, in gadonsa lafiya, sau da yawa ya fi sabo mai gadon bututu ko na gwangwani.

Tsohon kuma, in akwai wuri a shago, ba dole ne a rabu da shi ba. A ɗaura masa faifan katako a manna sanfefa, ya zama injin goge kaya, ko a bar wa yaron shago ya koyi ƙotar cizal a kansa, da gilashin kare fuska, hannun riga a naɗe.